An Wanke Mini Waya

Jama'a, jiya na yini a rumfar mai gyaran waya, zaune kan benci kamar mai jiran likita. Ni na jawo wa kaina, amma da taimakon manya.

Wayar ta marigayi maigidana ce. Tun da ya rasu bara ta dawo hannuna, ko in ce hannun Auta, 'yata, don ni abu ɗaya na iya da ita. Akwai saƙon murya da ya taɓa turo mini daga wurin aiki: "Maman yara, ina hanya. Ki ajiye mini shayina, kar Auta ta shanye." Shi ke nan saƙon. Kullum da safe sai na saurare shi kafin in ɗora ruwa.

Ita kuwa Auta, in ta riƙe wayar nan, ko gidan ya kama da wuta sai ta ɗauki hoto tukuna. Kana mata magana tana yi wa mutanen da ban san iyayensu ba murmushi.

Sai aka kira mu iyaye taro a makarantarsu, wai Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamitin Ceto Yara Daga Waya zai yi mana nasiha. Allah ya ƙara masa girma, ya iso bayan rana ta gama gasa mu, motoci a jere, waya biyu a hannu, ta uku wajen mai riƙe masa jaka. Ya ce waya guba ce. Ya dakata ya amsa kira. Ya dawo ya ce guba ce ƙwarai. Daga ƙarshe ya ce mai son ƙarin bayani ya bi shafinsu a waya.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta raɗa mini, "Yaya, aikin gidan da malamai ke turowa ta waya fa? Shi ma guba ne?"

Na ce, "Yi shiru, manya sun fi mu sanin guba."

Nasiha ɗaya na riƙe: a sa wa waya lambar sirri wadda yaro ba zai canka ba. Mai ɗinki ta nuna mini wurin, na zaɓi lamba mai wuya. Ta yi aiki kuwa, Auta ta kasa buɗe wayar. Da gari ya waye ni ma na kasa. Ranka Ya Daɗe ya manta bai gaya mana cewa waya ba ta san uwa ba.

Mai gyara ya jujjuya ta ya ce, "Mama, sai dai a wanke ta."

Na ce, "Wanke ta, ɗana, dama ta yi dauɗa."

Ina ta jiran in ga tsumma, sai ya miƙo mini ita a buɗe. Na ce ya kunna mini maigida. Ya ce, "Wane maigida? Ai na ce miki wankewa." Ashe a bakinsu wanki shi ne a share komai. Jama'a, sai na ji kamar yau aka fita da shi.

Auta ta tarar da ni ina kuka a tsakar gida. Sai ta aro wayar mai ɗinki ta buɗe shafinta na hotuna da nake yi mata faɗa a kai. Ga hoton ubanta, ga muryarsa tana cewa yana hanya. Tun bara ta sa, mutane sun yi ta masa addu'a a ƙasa.

Na share hawaye na ce, "Ke, muryar ubanki kika kai kasuwa?"

Ta ce, "Mama, ai sunana ya kira, ke ko sunanki bai faɗa ba."

To, Ranka Ya Daɗe, a gaida kwamiti. An sa sabuwar lamba, kuma ba zan manta ta ba, don Auta ce kaɗai ta san ta. Ta ce in na natsu za ta riƙa ba ni wayar da safe.