Kaka Ya Nemi Aikin Gadi

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. To amarya, wa ya mutu kika garƙame mana ƙofa?"

Jikarsa ce yake wa magana, ita ke shugabantar cibiyar unguwar, inda mata ke koyon ɗinki, yara ke aikin makaranta da yamma, tsofaffi kuma ke karanta jarida da safe. Tun da kakarta ta rasu shekara huɗu ke nan, tsohon bai taɓa fashin zuwa ba. Kwana uku tana fargabar wannan safiyar.

"Babu wanda ya mutu, ango. Kai muke jira, ka ƙi."

"Ni? Sai na ga furfurarki tukuna."

"Da wane idon? Jiya a kife ka riƙe jarida."

"Labaran ne suka zo a kife, na miƙar da su. Buɗe mini, ƙafata ta gaji."

Sai ta ajiye wasa gefe.

"Kaka, an yanke mana tallafi. Rabi cur. Mai gadi ya tafi tun Litinin, da bakina na sallame shi, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Ni kuma da safe ina wajen masu ɗinki, ba zan tsaga kaina biyu ba. Kwamiti ya ce a rufe ɗakin karatu sai yamma."

Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon kujerarsa ta kusa da bango. Ta san abin da ke jiransa a gida: ɗaki ɗaya, rediyo, da gadon da babu kowa a kai. Ta kawar da kai.

Can ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ɗauke ni gadi."

"Gadi? Kai da kyanwa ta kora daga kan kujera?"

"Girmama ta na yi, ciki gare ta. Ke yarinya, shekara talatin ina raba wasiƙu a garin nan, ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba."

"Ban da wadda ka rubuta wa kakata, ka kai gidan maƙwabta."

"Sharri ne! Maƙwabciyar ce ta fizge, don a lokacin layi ake yi a kaina."

"Layin masu neman wasiƙunsu dai. To ɓarawo ya shigo, me za ka yi masa?"

"In zaunar da shi in ba shi labarin ƙuruciyata. Kafin in kai rabi zai ajiye kayanku, ya ƙara da nasa, ya ruga."

"Wannan kam na yarda, mu ma da ƙyar muke sha. Amma ba mu da abin biyan ka."

"Ji rashin kunya! Yaushe aka fara biyan miji don ya tsare gidan matarsa?"

"Fanka ma an ce a daina kunnawa da safe."

"Mun girmi fanka. Mu biyar ne, kowa ya yi fifita da shafin jaridarsa."

"Jaridar ma an daina sayowa, Kaka."

"Mu karanta ta bara. Abokina mai gyaran agogo ko ta jiya ba ya tunawa, kullum sabon labari yake ji."

Dariya ta ƙwace mata har ta dafa bango, ta share ido da bakin mayafi. Ta san kwamiti zai yi surutu, ta kuma san ba za ta iya tura shi gida ba. Ta zare mabuɗi ɗaya daga cikin tarin da ke hannunta.

"Ka ci, tsoho. Gwaji ne na wata ɗaya. Kuma mai gadi shi ke shara."

"Shara? Ashe ba aure kika yi ba, bawa kika saya."

Ya karɓa. Sau uku mabuɗin ya kuskure ramin kwaɗon. Ta matsa za ta taimaka, sai ta fasa, ta tsaya har ya buɗe da kansa. Ya gyara hula, ya shiga. Da ta ɗaga ƙafa za ta bi shi, ya gitta sandarsa a bakin ƙofa.

"Malama, ina zuwa? Nan ɗakin manya ne. Masu ɗinki ta baya suke bi."