Ranar da Ƙwan Fitila Ya Ƙaryata Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo duba koyarwata a wata makarantar 'yan mata da ke wajajen Toranke ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, kuma makin wannan rana shi zai sa in gama ko in maimaita. Mai dubawar, Malam Sabi'u, dattijo ne marar fara'a da ake cewa bai taɓa yabon ɗalibi ba. Ni kuwa ko a jikina, don na shirya darasin da zai girgiza shi: yadda ruwan gishiri ke ɗaukar wutar lantarki.

Abin mai sauƙi ne. Batir, waya, ƙusa biyu da ɗan ƙwan fitila. A tsoma ƙusoshin a ruwa zalla, ƙwai ba zai kama ba. A zuba gishiri ya narke, sai wuta ta samu abin bi, ƙwai ya kawo haske. Na gwada a gidanmu a Gaya da ruwan sama har ƙannena suka gaji da tafi. Da safe na ga jarkar ruwan saman za ta yi mini nauyi a kan babur, na ce ai ruwa ruwa ne (ni fa mai karatun kimiyya), da na isa makaranta na ɗebo a tsohuwar rijiyar bayan aji.

Na tsaya gaban aji ina gyara mayafi. "Wannan ruwa ne zalla," na ce. "In ƙwan nan ya kama, ku daina kirana Malama."

Na tsoma ƙusoshin. Ƙwai ya kama, ƙullin gishirina na kan tebur ko kwance shi ban yi ba.

Na ce wayoyi ne suka haɗu, na raba su, na sake tsomawa. Ya sake kamawa. Yara suka fara ƙus-ƙus, Malam Sabi'u ya ajiye biro ya matso kusa, ya tambaya a hankali ko na tabbata ruwan zalla ne. Maimakon in yi shiru in yi tunani, sai na ɗauki kofin ruwan na kwankwaɗa don in nuna masa.

Ashe rijiyar mai zartsi ce, shi ya sa ba mai shan ta. Wani gishiri-gishiri mai bauri ya shaƙe ni, na furzar, kusan duka a gaban farar rigar Malam. Aji ya ɓarke da dariya.

Ya goge rigarsa da hankici. "To, Malama, me ƙwan ya gaya miki?"

Na ce ruwan da ma da gishirinsa, daga ƙasa ya narke a ciki. Da na ji bakina ya dawo, sai na aika aka karɓo ruwan sama a gidan shugabar makaranta. Da shi ƙwai bai kama ba sai da na zuba gishiri, yara suka yi ta kallo baki buɗe.

Na ci, amma a gefen makin Malam ya rubuta in rage cika baki. 'Yan matan kuwa sun cika mini alkawarina da rangwame: har na bar garin Malama Zartsi suke kirana. Yau duk gwajin da zan yi sai na fara yin sa a ɓoye da kayan wurin, kuma ba na rantsuwa a gaban ƙwan fitila.