Yadda Malam Sharafaddeen ya samu cikin wata biyar

"...lafiya lau, sai tsufa. Au, ke ce? Da na sani ban ɓata gaisuwata ba."

Malam Sharafaddeen ke nan, tsohon tela a Jos Jarawa, yake amsa sallamar jikarsa Kausar. Shekara saba'in da takwas, haƙori huɗu, amma bakin nan bai san ritaya ba. Ita kuwa aikinta gwada manhaja a wani ƙaramin kamfani a Daɗin Kowa. Sun gina wa wani asibiti manhaja mai sassa huɗu: rajista, awon ciki, ɗakin magani da saƙon waya. Ƙarfe huɗun ranar za ta sa hannu cewa komai ya yi daidai, kuma shugabanta Oga Datong ya faɗa mata ƙiri-ƙiri, in abu ya fashe bayan sa hannunta, ta nemi wani aikin. Ta biyo karɓar rigar da za ta saka ne, da ledar masa mai zafi a hannu.

"Mijin wahala, ina rigata?"

"Ga ta can. Shiga ciki ki gwada."

"Ba ni da lokaci. Ai ka auna ni."

"Na auna hannu daban, wuya daban, ƙugu daban. Sai an haɗa an saka ake sanin riga ce ko buhun dankali. Masar nan tawa ce?"

"Ta masu haƙori ce."

"Za ki nemi alfarma. Wato haka kuke aikin naku, ba gwaji?"

"Gwaji ɗari huɗu da sha biyu na yi, tsoho. Kowane sashe na bi shi shi kaɗai, duk sun nuna kore, alamar ba matsala."

"Tafkin haƙar kuza ma kore ne, kuma yana cin mutane. Kin taɓa sa mutum ya shiga ta ƙofar farko ya fita ta ƙarshe?"

"Mutum dubu na ƙirƙira na saka."

"Waɗanda kika haifa da yatsunki? Ai dole su yi miki biyayya. Sa ni ki gani."

Don ta kashe bakinsa, ta buɗe kwamfutar a kan keken ɗinkin, ta rubuta sunansa da shekarunsa.

"Lambar waya?"

"Sa ta Rabi, matar autana."

"Kai ba ka da waya?"

"Ina da ita, a jakar Rabi take kwana. Mu tara a gidan nan lamba ɗaya muke bayarwa a asibiti, haka rabin unguwar nan. Sa Rabin ma, ai tana zuwa awo."

Ta saka Rabi, ta cike mata shafin awo tana tsaki. Sannan ta buɗe ɗakin magani don ta nuna masa iyakarsa, sai ta ƙura wa kwamfutar ido.

"Karanta mana, amarya. Idona ba ya gani."

"Malam Sharafaddeen," ta karanta a hankali, "shekara saba'in da takwas, ciki wata biyar. A ba shi maganin ƙarin jini, ya dawo awo ran Talata."

Tsohon ya shafa tumbinsa. "Alhamdu lillahi. Dama kwana biyun nan ina jin kasala. Naki ne, kar ki ce za ki musa."

"Allah ya kiyaye. Ka nemi uwar ɗanka a gaba."

Sai dai dariyar ba ta fito ba. Ta riga ta gano inda aka kwana: rajista da lambar kati take gane mutum, ɗakin magani kuwa da lambar waya yake nema, ya cafko sunan farko da ya tarar. Mutanenta dubu kowa da lambarsa, kamar 'ya'yan attajirai.

"To in ni aka ba maganin Rabi," in ji tsohon, wannan karon ba wasa a muryarsa, "wa za a ba nawa na hawan jini?"

Nan take ta kira ofis.

"Oga, abeg kar a sa hannu yau. Rajista da ɗakin magani ba sa gane juna in mutum biyu suka ba da lamba ɗaya. Eh, na gani da idona. Wa ya gano? Wani ƙwararre ne a Jos Jarawa."

Ta saurara, ta sauke ajiyar zuciya. An ba ta zuwa Alhamis, har da godiya a kai.

"Ƙwararre," in ji Malam Sharafaddeen. "A rubuta a allon shago."

Kausar ta zaro masa biyu ta miƙa masa. "Ci. Ba zan hana mai ciki abin da ransa ke so ba."

"Kawo ledar duka. Mu biyu ne."

Ta dire masa ledar tana dariya, ta ɗauki rigar ta shiga ciki gwadawa.