Janwen Baba Soja

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ja ni da sarƙa har ƙofar gidan surukaina ba, ko da tsufa ya kwashe min haƙora kaf.

Lokacin ban daɗe da samun aiki a Kaduna ba, a kwamitin kama masu motar janwe marasa lasin. Kun san su ai, mota na mutuwa a titi sun ɗaure sun ja, sai abin da suka yanka maka. Aka ba ni riga mai ƙyalli da usur. Wayyo daɗi! Da zan zo gida Zuru neman auren Rifkatu, rigar nan na fara sawa a jaka kafin kaftani.

Ranar Juma'a da yamma muna zaune kusa da tasha da abokina Bitrus, sai ga wata tsohuwar janwe tana tari, ta jawo a-kori-kura. Ba lamba, ba fitila, ƙofar direba ma da igiya aka ɗaure ta. Na miƙe zumbur don murna, ga nama ya kawo kansa! Bitrus ya riƙe ni, "Kai, nan Zuru ne hwa, ba Kaduna ba." Ina! Tuni na zura riga na busa usur (ikon nawa a bakin Kaduna ya ƙare, amma wa ya tsaya wannan tunanin?).

Direban wani gajeren dattijo ne mai furfura.

"Baba, ina lasin ɗinka?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, kai ɗan wa ne?"

"Ɗan gwamnati!"

'Yan kabu-kabu suka kashe mashin suka kewaye mu. Ni kuwa in na ga taro bakina ba ya da birki. Na ce a birni irin wannan gwangwanin 'yan jari-bola muke ba. Na ce albarkacin furfurarsa yau na yi masa afuwa. Ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ya ja motarsa ya tafi. Yinin nan duk wanda na gamu da shi sai ya sha labari.

Washegari muka kama hanyar Manga, ƙauyen su Rifkatu, ni da Bitrus da kawuna, a motar da na aro don a san na zama wani. An yi ruwa, hanya ta caɓe. Muna faɗawa wani kududdufi mota ta yi gyatsa ta mutu murus. Hankalina ya tashi, don mahaifin Rifkatu ya rasu, baffanta ne mai cewa e ko a'a, kuma ta gargaɗe ni tsohon soja ne, ba ya jiran mai latti. Na kira ta a waya. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, yanzu za a zo a jawo ku."

Tun daga nesa na gane tarin. Bitrus ya kwanta a kujerar baya yana dariya har da hawaye. Dattijon jiya ya sauko, ya gaisa da kawu, ya ɗaura sarƙa, ko kallona bai yi ba. Na ce a raina Allah na gode, bai gane ni ba (wai ni nan mai wayo).

Haka aka shiga da mu Manga a jaye, yara na bi, mata na guɗa, ni ina riƙe da sitiyari kamar tunkiyar da za a kai kasuwa. A ƙofar gida dattijo ya kwance sarƙa, ya wanke hannu, ya shige ciki. Jim kaɗan ya fito da babbar riga ya zauna a kujerar tsakiya. Rifkatu ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ga su."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ɗan gwamnati, sannu da zuwa!" Ya kwashe labarin jiya tas ya ba dangi, har busa usur ya kwaikwaya da baki. Kawuna ya harare ni, "Ashe kai ne, ɗan nema!" Ni dai na tabbata Rifkatu ta kuɓuce min.

Da dariya ta lafa sai ya ce, "Da mun shirya yafe maka golmo, noman neman aure, mun ce ɗan birni ba ya iya yi wa surukai noma kamar yadda muka gada. Amma wanda ya tare janwe da ƙirji ai ba ya rasa ƙarfin riƙe garma. Ɗiya na ba ka. Gonar dawata kuma tana jiranka."

Hutuna na daminar nan kaf a gonar Baba Soja na yi shi, hannuwana duk bororo. Kuma ya ce lallai da rigar ƙyalli zan riƙa zuwa, don ya hango ni daga nesa in na zauna hutawa.

Yanzu a Kaduna kafin in tambayi mai janwe lasin, sai na gaishe shi, na tambayi garinsu da danginsa tukuna. Janwen Baba Soja kuwa har yau ba lasin. Ita ta kwaso kayan amarya, ni ne ma a gaba ina riƙe masa ƙofa.