Mai Girma Ya Kalli Bango

Jiya na sha kunya, jama'a, har da ƙari.

Kun san ni, takalma nake sayarwa ta waya. To wata Hajiya mai babban shago ta ce za ta ɗauki ƙafa arba'in, amma sai na turo mata bidiyon ofishina tukuna, don ta gaji da 'yan damfara. Ni kuwa ofishina aljihuna ne.

Sai na tuna da cibiyar nan da Mai Girma, Uban Matasa, Inuwar Marasa Jari, ya buɗe mana watan jiya domin 'yan kasuwar intanet. Da idona na gani ranar buɗewa: fitila mai zobe, kujera mai juyawa, kantar littattafai, furen roba, har da labule. Na cusa takalma a buhu, na goge haƙora, na tafi.

Maigadi ya buɗe mini ɗaki. Wayam.

Na ce, "Baba, ɓarayi suka shigo?"

Ya ce, "Ɓarayi da sallama? Masu kaya suka zo suka kwashe abinsu, ɗana. Haya ce ta yini ɗaya. Kafin Mai Girma ya kai ƙofa an fara naɗe kafet."

"Furen fa?"

"Na matar direbansa ne."

Kayan aro dai ba ya rufe katara. Abu ɗaya aka bari: ƙaton hoton Mai Girma, tsayinsa ya fi ni, yana murmushi kamar ya ci zaɓe sau biyu.

Da babu gara ba daɗi. Na kife bokitin Baba, na rufa masa mayafin yayata da na taho da shi, tebur ya samu. Na jera takalma, na buɗe taga don hasken Allah, wanda ba a ɗaukewa. Baba ya riƙe waya, ni kuma na tsaya gaban hoton ina zuba: "Hajiya, alkawari kaya ne, ranar da na ce, ranar za ki gani."

Minti biyar sai ga amsa: "Yaro, na fasa. Wancan na bayanka ma haka ya ce mana a kan titin unguwarmu."

Baba ya ce, "Kama mini nan." Muka ciccibi Uban Matasa, muka juya shi ya kalli bango. Ashe bayansa farin katako ne fes, ko ɗigo babu. Takalmana suka fito tas, kamar a ƙasar waje. Muka sake ɗaukar bidiyo, na tura.

Hajiya ta rubuto: "Yanzu na ga ofis. Kawo hamsin."

Don haka masu cewa Mai Girma bai tsinana wa matasa komai ba, ku ji tsoron Allah. Ni shaida ne, ya yi mini aiki. Sai dai na roƙi Baba kada ya juyo da shi, ina da wani bidiyon ranar Laraba.