Tsuntsayen da Na Ɗinka wa Amarya

Idanun nan ne ba zan taɓa mantawa da su ba. Na fara ganinsu a fuskar kwamfutar shagon Anti Ladi da ke Tudun Wada, inda nake koyon surfani. Wasu tsuntsaye ne biyu ɓul-ɓul a kan reshe ɗaya, irin zanen katun ɗin yara, ɗaya ruwan hoda ɗaya shuɗi, sun jingina kai da juna, ga 'yar zuciya ja tana lilo a samansu. Idanu dara-dara, farare tas, irin waɗanda ake ba kowace jaruma a littattafan da nake haya a bakin kasuwa. Na dafe ƙirji na ce, "Wayyo, masoya!"

(A wancan lokacin ko ƙuda biyu na gani a bakin kofi sai na tsara musu labari, har da mugun kawu mai hana aure.)

Bikin ƙawata Hauwa'u ya matso. Ina son Hauwa'u, amma gaskiya ɗaya ce: yayanta Nura nake hange, malamin lissafi a wata sakandare a Kwangila. Tsakanina da shi bai wuce "Sannu, ƙanwata" ba, amma a zuciyata mun haifi uku, duk na raɗa musu suna. A gidansu kuwa kowa ya san ba a kai gaisuwar aure sai kakarsu, Iya Asabe ta Gyallesu, ta ga yarinya ta ce ta yi. Sai na ƙulla dabara: zan ɗinka wa amarya zanen gado da rigunan filo, a shimfiɗa ranar jere, Iya ta gani ta tambaya 'yar wa ce mai wannan hannu.

Anti Ladi za ta tafi Kano sarin yadi, ta miƙo mini makullin shago ta ce, "Ki sa fure kamar yadda aka saba. Fure ba ya jawo magana." Na ce to. Tana hawa mota na buɗe tsuntsayena.

Na ɗame farin yadi a zoben keken surfanin da ke haɗe da kwamfutar, na jera zaruruwa kala-kala, na danna maɓalli. Allura tana sauka tana tashi, ni ina tallabe da kumatu ina kallon yadda idanun ke cika da farin zare, ina hango Nura ya tsaya a bakin ƙofa yana yaba aikina.

Ranar jere muka cika ɗakin amarya a Tudun Jukun. Ana goge kwanuka, ana gardamar inda madubi zai zauna. Na bari sai da aka kafa gado, sannan na warware aikina a hankali yadda kowa zai gani. 'Yanmata suka hau cewa, "Kai, ya yi kyau!" Kaina ya kusa taɓa rufi.

Sai ga Iya Asabe da carbinta. Ta gyara tabarau, ta sunkuya a kan filo, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Wa ya kawo wannan?"

Na durƙusa, na sassauta murya irin ta jarumai. "Ni ce, Iya."

"'Yar nan, me jikata ta yi miki?"

"Tsuntsayen soyayya ne, Iya."

"Soyayyar gidan wa? Mujiya ce! Har biyu! Abin da in ta yi kuka a kan katanga sai an tashi maigida ya yi addu'a, ita za ki sa wa amarya a ƙarƙashin kai?"

Ɗaki ya ɗauki salati. Wata mai goyo ta ja majanyi ta fice da baya-baya tana tofa wa ɗanta addu'a. 'Yanmatan da suka gama yabona suka koma duba ƙasan tukwane kamar ba su taɓa ganina ba. Ni kuwa wallahi ban taɓa ganin mujiya da idona ba, labarinta kawai nake ji. Na ɗauka baƙa ce wuluk mai ban tsoro. Wa ya gaya mini tana sa ruwan hoda?

A daidai nan Nura ya iso bakin ƙofa, kamar yadda na yi mafarki, sai dai da katifa a kai. Ya leƙa, ya cije leɓe, ya ce, "Iya, ai 'yan'uwanki ne suka zo biki. Dubi tabarau ɗinsu irin naki."

Iya ta wurga masa silifa, mata suka tuntsure da dariya. A littafi, a nan jaruma take suma a yayyafa mata ruwa. Na jira sumar, ta ƙi zuwa. Sai na tattare kayana na ruga na tare napep.

A shago na kifa kai a kan tebur na yi kuka mai isata. Ina ɗagowa na ga magen mai shayin kusa da mu ta hau kan yadin ta zauna tana kallona. Fuska zagayayya, kunnuwa biyu a tsaye, idanu manya. Na dube ta, na dubi mujiyoyina, na sake dubanta. Na share hawaye da gefen mayafi.

Allah ya taimake ni akwai wuta. Na ɗauki reza na warware bakin tsuntsu da faratan zare ɗaya-ɗaya, ina riƙe numfashi kada in huda yadin. Mayar da shi zobe daidai inda yake da farko shi ya fi ba ni wuya, har allura ta karye mini sau ɗaya. Inda baki yake na sa ɗan hanci ja. Na ja gashin baki da baƙin zare. Fikafikai na cike su suka koma ƙafafuwan gaba. Jela kuwa, lanƙwasar reshen furen nan da Anti Ladi ta ce in sa, ita na aro na maƙala a baya. Reshen da suke kai na bar shi, ai mage ma tana hawa bishiya.

La'asar sakaliya na koma, tun ba a kawo amarya ba. Na shimfiɗa aikin a gaban Iya. Ta gyara tabarau.

"Ina mujiyoyin?"

"Mage ta cinye su, Iya."

Wata daga bayan ɗaki ta saki guɗa. Iya ta juya filon gaba da baya, ta duba ɗinkin ciki, ta murza zaren da babban yatsa.

"To, mage dai ko kan sallaya ta hau ba a dukanta. Amma ni ban taɓa ganin shuɗiyar mage ba."

"Marina ta faɗa, Iya."

Tsohuwa ta yi dariya har carbinta ya faɗi. Ta naɗe rigar filo ɗaya ta cusa a jakarta, ta ce amarya ta yi haƙuri da sauran. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Wai 'yar wa ce ke?"

Tambayar da na karya allura a kanta ke nan.

Shekara ba ta zagayo ba Iya ta tura manya gidanmu da goro. Nura dai har yau bai taɓa tsara mini kalamai irin na littafi ba, iyakarsa "Kin ci abinci?" Na haƙura, ina jin daɗin tambayar. Yanzu ina da shagona, ina ɗinka zomaye da giwaye da raƙuman dawa a tawul ɗin jarirai da jakunkunan makaranta, kuma duk Tudun Wada in ba ka ce shagon Mai Mujiya ba, babu mai nuna maka hanya.

Iya Asabe tana nan a Gyallesu, idanu sun yi rauni, tabarau ma ya daina amfani. Rigar filon nan ta koɗe amma ba ta yarda a sauya mata. In na je gaishe ta sai ta lalubo hancin magen, inda zaren ya ɗan yi tudu, ta ce, "Ki ruɗi kowa, ni dai na san mujiya ce ta yi lulluɓi."

Ni ma na sani. Shi ya sa duk ranar da wasu manyan idanu suka sace mini zuciya a kwamfuta, ba na danna maɓalli sai na nemi tsohuwa ta gaya mini sunan dabbar.