Yadda Na Kusa Sayar da Motata a Gwangwan

Da motata ta fara ƙwam-ƙwam duk lokacin da na sa giya a hanyar Ajingi, ban tambayi kowa ba. Na sanar a majalisa cewa giyabos ya mutu, har na samo ɗan gwangwan a Gaya.

Surukina, tsohon bakanike, ya ce bari ya leƙa. Na ce, "Baba, kada ka wahalar da bayanka, na gama bincike."

Ya leƙa dai, ya ce, "Robar da inji ke zaune a kai ce ta cinye." Kafin la'asar ya canza ta, ƙara ta ɗauke. Allah ya saka masa da alheri, da yanzu a ƙafa nake.

Amma har yau ko keken ɗinkin matata ya yi ƙara, sai ta ce wa yara, "Ku rufe ƙofa, kada Injiniya ya ji ya sayar."